Kokwanto Bayan Barin Ƙungiyar Addini Mai Juya Mabiyanta

Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali sun fi nanata abu ɗaya: kada a yi gaggawar yanke hukunci kan samuwar Allah. Wanda ya shekara da shekaru shugaba na zaɓa masa abokai, yana bincikar wayarsa, yana razana shi da wuta kan kowace tambaya, da wuya ya bambance muryar shugaban da imaninsa. Shi ya sa wasu suka ce ka rubuta kowace aƙida a takarda, ka tambayi kanka: yarda na yi, ko tsoro nake ji?

Kan makoma dai baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun ci gaba da ibada a wani wuri, wasu sun daina. An ma tuno cewa Imam Gazali ya sha fama da kokwanto kafin ya bar koyarwa a Bagadaza a 1095.

Shawarar da ta fi kwanta mini: in mafarkin azaba da faɗuwar gaba sun hana barci, a ga likitan ƙwaƙwalwa. A kuma yi hattara da sabuwar ƙungiya mai yawan haba-haba, musamman in ta ce a rabu da dangi.