Madubin da ake hurawa a sararin samaniya: wane suna za mu ba shi?

Jama'ar zauren Hausawan Jidda da Makka, ga aiki na kawo muku. Abin da ake iya hurawa da iska, Larabawa na ce masa "ƙabil lin-nafkh", yaranmu kuma sun kama faɗin haka ko da Hausa suke yi. Ina son mu samo tamu.

Ga abin da ake nufi. Akwai injin kumbo da ba ya ƙona mai. Faffaɗan madubi ne ke tattara hasken rana wuri guda, ya gasa iskar haidurojin har zafinta ya haura digiri 2,000, ta fito da ƙarfi ta baya, kumbon ya yi gaba. Wani injiniyan roka, Krafft Ehricke, ya kawo shawarar tun 1956. Matsalar ita ce madubin ƙarfe mai wannan faɗi ya yi nauyi, kuma ba zai shiga kan roka ba. Sai aka koma ga siririyar leda mai ƙyalli: a naɗe ta, in an kai sama a hura. Iska kaɗan ta wadatar, tunda can babu wata iska a waje da za ta danne ta. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta hura tauraron ɗan Adam Echo 1 mai faɗin mita 30 a 1960, sannan a 1996 kumbon Endeavour ya saki eriya mai mita 14 da aka hura a can.

Wani ƙanena a Madina ya ce balan-balan. Ban yarda ba. Balan-balan wasan yara ce, ita kuwa wannan dole lanƙwasarta ta zauna daidai, in ta goce kaɗan hasken ya watse. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya ce "mai kumbura". Baba, a kunnena kumburi ciwo ne, kuma shi kan zo da kansa, ba sa shi ake yi ba.

Ni na tsaya kan "mai huruwa". Yadda muke cewa mota tana gyaruwa, tabarma tana naɗuwa, haka madubin yana huruwa. In yana naɗe cikin roka, madubi mai huruwa. In ya buɗe, hurarren madubi.

Injin kuma kada mu ce masa na sola, don mai jin sola wutar lantarki zai ɗauka. Na ba da "injin zafin rana".

'Yan uwanmu na Mai Wurno da Kassala a Sudan, yaya kuke faɗin abin da ake hurawa a wajenku?