Ya ake sa ruwan tuffa ya yi gas a cikin kwalba?

Maman Husna:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina matse tuffa a gida ina yi wa yara lemo, to so nake ya riƙa gas kamar na kanti, na ga a bidiyo Turawa suna zuba yis da sukari su toshe kwalba su ajiye, in an buɗe yana ta kumfa. Yis ɗin burodi zai yi? Kuma kwalaben gilashi da nake tarawa za su iya?

Abu Sadik:
Wslm Hajiya. Kafin maganar kwalba ki fara sanin abin da kika gani, wannan shi suke kira saida a Ingila da Normandi ta Faransa, kuma giya ce. Yis in ya ci sukari abu biyu yake fitarwa, iskar gas ɗin da kuma sinadarin da ke bugarwa, kusan rabi da rabi, ba yadda za a yi ki samu ɗaya ki bar ɗaya. Ruwan tuffa yana da sukari wajen giram 100 a lita, su sai sun bar yis ya cinye shi tas tukuna, ya kai kashi 5 ko 6 cikin ɗari na maye, sannan su ƙara ɗan sukari giram 6 zuwa 8 a kowace lita su toshe su bar shi wajen sati biyu, wannan ɗan ƙarin ne kawai yake ba da gas ɗin. Kin ga tun kafin ya shiga kwalba ya riga ya tashi daga lemo.

Baffa Injiniya:
Ƙari kan bayanin Malam, ni hatsarin ne ya fi damuna wlh. In kika toshe ɗanyen ruwan da duk zaƙinsa, sukarin da ke ciki ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau goma, yis kuma ba ya tsayawa don kwalba ta cika, ci zai yi ta yi har gilashi ya tarwatse, ga yara a gida. Ga zafin garinmu, abin da yake ɗaukar su sati biyu mu nan a watan Afrilu 'yan kwanaki kaɗan sun isa. Masu yi da robar lemo suna matsa ta da hannu, in ta yi tauri sai firij, amma firij ba ya kashe yis kwantar da shi kawai yake, a ɗauke wuta dare ɗaya ya farka ya ci gaba. Kuma ko ba ki sa yis ba akwai na ɓawon tuffar, irin wannan yis ɗin da ba a zuba ba ne yake sa zoɓo da kunun aya suke kumbura roba in sun kwana a waje.

Anti Bilki:
'Yar uwa ki huta da yis ɗin nan. Ki tace ruwan tuffarki, ki ɗan dafa shi ya yi kauri, ya huce ya yi sanyi ƙarara, lokacin sha sai ki haɗa da ruwan soda mai sanyi, ki karkata kofin ki zuba a hankali don kar gas ɗin ya gudu. Ki matsa lemon tsami kaɗan tun wajen matsewa, yana hana shi yin duhu.

Maman Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yis kam na haƙura. Anti Bilki rabi da rabi kike haɗawa ko sodar ta fi yawa?