Me za mu kira "clone" da Hausa?

1/ Daren jiya mun kwashe kusan awa biyu ni da ƙanena muna musu kan sojojin nan na fina-finan Amurka, waɗanda ake fitar da dubbai daga jikin mutum guda, wato "clone". Ya kafe a kan ba su da zaɓi. Sai can na lura kalmar bakinsa ce ta riga ta yanke hukunci: "kwafi". To ai takarda ake yi wa kwafi, wa zai tambayi takarda ra'ayinta?

2/ Asalin kalmar "clone" Girkanci ce, ma'anarta ɗan reshe. Manomin rogo ya san abin: a sari itace a binne, ya fito sak uwarsa. Shi ya sa wani malaminmu ya ce a ce "dashe". Ta dace da rogo da rake, amma likitoci sun riga mu, ga dashen ƙoda nan.

3/ Mu duba tunkiya Dolly, da aka haifa a 1996 a Cibiyar Roslin ta Sikotilan. Daga hantsar wata tunkiya 'yar shekara 6 aka ɗauko ƙwayar halitta, aka haɗa ta da ƙwan wata da aka kwashe wa kayan gado, ta uku ta ɗauki cikin. Cikin gwaji 277 ita kaɗai ta zo duniya. Haihuwarta aka yi, ta girma, ita ma ta haihu. 'Yar tagwayen waccan ta farko ce, makara kawai ta yi.

4/ Don haka ni "tagwayen baya" na zaɓa. Guda ɗaya kuma, ɗan tagwayen baya.

5/ Duk wanda ya zauna da Hassan da Husaini masu kama ɗaya ya san ba zuciya ɗaya gare su ba. A layinmu ɗaya ladani ne, ɗayan ko Asuba sai an yayyafa masa ruwa. Abin da zai tauye wa sojan nan zaɓi shi ne a raine shi a bariki tun yana goye, bai san wata sana'a ba sai bindiga. Wannan kuwa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ɗebo yaran Kiristocin yankin Balkan na Turai ta mai da su dakarun Janisari, amma sun yi ta bore har suna tuɓe sarakuna, sai da Sultan Mahmud na II ya murƙushe su a 1826.

6/ Ƙanen nawa ya ce sunan ya yi tsawo, ba zai shiga kanun labarai ba. Na ce masa "Majalisar Ɗinkin Duniya" ma ta shiga. Mai gajeriya ya kawo, ban da kwafi.