Ƙugi daga bayan mota yana ƙaruwa da gudu: boris ne, taya ce ko difarenshiyal?

Mai Ƙofa Biyu:

Assalamu alaikum, masana mota. Ina neman a nuna mini hanyar gano inda wata ƙara take fitowa, kafin in shiga sayen kayan gyara a makance.

Motar gudu ce mai ƙofa biyu, injin silinda shida a gaba, tayoyin baya ke tura ta, giyar hannu shida. Ta ci kusan kilomita 90,000. Tayoyin gaba 235/40 R18, na baya 265/35 R18. Ƙarar ƙugi ne mai kauri, wuuu, daga baya. Yana somawa wajen kilomita 60 a awa, ya fi tsanani tsakanin 90 da 110, sama da haka iska da kukan inji sai su danne shi. Sitiyari ba ya rawa, kujera ba ta karkarwa. An ɗaga motar an girgiza tayoyin bayan duka biyu, babu sako-sako ko kaɗan. Wani ya ce boris ɗin taya ne, wani ya ce difarenshiyal, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu. Ta ina ake farawa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna. Rashin sako-sakon nan bai wanke boris ba. Boris na zamani a rufe yake, layi biyu na ƙwallaye gare shi, ga notin shaf, wato sandar da ke juya taya, ya matse shi tamau, don haka yana iya cin dubban kilomitoci yana kuka taya ba ta motsa a hannu ba. Ranar da ka ji tana lako-lako, ya riga ya gama lalacewa.

A kan titi ake raba wannan gardama. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka kashe rediyo da fanka, ka rufe gilasai, ka kwashe tarkacen da ke cikin but.

Tsayar da gudu a 100 a giya ta shida ka saurara, sannan ka sauko ta biyar, ka sauko ta huɗu, gudun yana nan a 100. Idan muryar ƙugin ta canja da canjin giya, inji yake bi, kuma yawanci salansa ce, musamman idan an cire ta asali an sa mai faɗin baki. Irin wannan ƙugi yakan yi ƙarfi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kuma sau da yawa ko a tsaye ana iya tada shi da totur. A duba robobin da salansar ke rataye a kansu, a ga ko bututun yana taɓa jikin mota.

Idan bai canja ba, kai 110, ka mayar da giya firi, ka bar motar ta tafi da kanta har ta sauko 50. Kada ka kashe inji, birki da sitiyari suna buƙatarsa. Ƙugin da ke saukowa tare da allurar gudu na abin da ke juyawa da taya ne: tayar kanta, boris, shaf, difarenshiyal ko farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa difarenshiyal.

Daga nan sai totur. A gudu ɗaya, ka taka kaɗan, ka sake, ka kuma takawa. Haƙoran difarenshiyal da gefe ɗaya suke turi idan ana ba mota wuta, da ɗaya gefen idan an sake, shi ya sa kukansu yake zuwa ya ɗauke da motsin ƙafarka. Boris ɗin taya babu ruwansa da totur.

Na ƙarshe shi ne lilo. A gudun 70 zuwa 80, inda babu kowa gaba da baya, ka karkata hagu a hankali, ka dawo dama, kamar mai canja layi. Juyawa hagu yana jefa nauyin mota a kan tayoyin dama. Idan ƙugin ya ƙaru a juyin hagu ya lafa a juyin dama, boris ɗin dama ake zargi, haka nan akasinsa. Amma wannan gwajin ya fi iya tabbatar da cewa boris ne fiye da nuna ɓangaren, domin layin ciki da na waje ba lokaci ɗaya suke ɗaukar nauyi ba. Idan layin ciki ne ya ci, yana iya yi maka ishara zuwa ɓangaren da ba shi da laifi. Kunne ma a irin wannan ƙaramar mota ba abin dogaro ba ne, but ɗin yana amsa amo ya watsa shi ko'ina.

Mai Awon Taya:

Maigida ya tsara gwajin yadda ya kamata, sai dai ni da taya zan fara, ba da boris ba. A motocin gudu an sha canja boris lafiyayye alhali taya ce mai laifin.

Dalili kuwa, ana saita tayoyin bayansu saman ya ɗan kwanta ciki, sau da yawa digiri 1.5 zuwa 2, sannan bakinsu na gaba ya ɗan dubi juna, don motar ta riƙe ƙasa a kwana. Wannan saiti yana cin gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa. Kuma tunda na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su gaba da baya, kowace taya tana ƙare rayuwarta a wuri ɗaya. A hankali sai kowane gungun zanen taya ya cinye ta baki ɗaya ya bar ɗaya bakin a tsaye, kamar haƙoran zarto. Ƙugin da wannan ke yi da na boris, ko gwani yakan rikice.

Shafa tafin hannunka a kan gefen ciki, ka bi zagayen tayar gaba, ka dawo baya. Idan ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan tana kama hannu, ka samu abin zargi. Idan kuma tudu da kwari ka ji a jere kowane 'yan santimita, wannan aikin shokazoba ce da ta mutu, tayar tana tsalle-tsalle a kan titi. Sabuwar taya ma haka za ta koma in ba a canja shokazobar ba.

Gwaji biyu masu sauƙi. Bi wurin da kwalta mai laushi ta haɗu da mai kaushi: ƙarar taya tana sauya murya nan take, ta boris kuwa tana nan yadda take. Sannan ka ƙara wa tayoyin baya iska kamar 5 psi a kan ƙa'ida, muddin ba ka wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar ba, ka sake bin hanyar. Idan ƙugin ya sauya, taya ce. Ka tuna ka rage iskar bayan ka gama.

Duba gefen tayar kuma. Idan akwai kibiyar da ke nuna inda za ta juya, ba a kai ta hagu zuwa dama sai an cire ta daga rim. Idan babu kibiya, musanya na bayan biyu ka ji ko ƙarar ta bi tayar. Wanda ya fi duka shi ne aron tayoyi biyu masu kyau da rim ɗinsu daga mota irin taka, minti goma ya isa. Lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi tayar: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba tana ƙandarewa ta ƙara ƙara, haka ma wadda zurfin zanenta ya cinye ya kusa sauka milimita 1.6.

Giya Shida:

Abin da zan ƙara lissafi ne, don kunne yana ruɗi amma lamba ba ta yi. Tayar 265/35 R18 zagayenta ya ɗan haura mita 2, saboda haka a gudun 100 tana juyi kusan 14 a daƙiƙa. Sa manhajar auna amo a waya, wani ya riƙe maka ita kana tuƙi. Idan rabon difarenshiyal ɗinka 3.73 ne, misali, wato farfela tana juyi 3.73 a kowane juyin taya ɗaya, farfela tana juyi wajen 51 a daƙiƙa. Layi mai ƙarfi da manhajar za ta nuna a 51 Hz, wato bugu 51 a daƙiƙa, yana nuna farfela, ko boris ɗin tsakiya da ke riƙe da ita, ko robar da ta haɗa ta da giya, kuma wannan yakan zo da karkarwa a ƙarƙashin kujera, wadda ka ce babu. Babban faifan difarenshiyal mai haƙori 41 zai ba da siririn layi wajen 560 Hz, kuka ne mai tsini, ba ƙugi ba. Injin silinda shida yana tashin wuta sau uku a kowane juyi, a juyi 2,400 kenan 120 Hz, nan salansa take. Boris ɗin taya ba ya ba da layi ɗaya tsaf, amonsa a baje yake, yana hawa da gudu.

Ko ma mene ne, a kilomita 90,000 man difarenshiyal ya cancanci a leƙa shi. Fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Man ya kamata ya kai leɓen ramin zubawa. Idan notin ƙasa yana da maganaɗisu, laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da ake ji a yatsa shi ne alamar boris ko haƙori yana ci. Yawancin difarenshiyal lita 1 zuwa 1.5 suke sha, 75W-90 GL-5 ko 75W-140, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Idan naka mai faifan kuloci ne a ciki, wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, yana son mai na musamman. In an sa masa wani, a kwana mai tsanani a ƙaramin gudu zai riƙa ɓaɓatu, ba a miƙaƙƙen titi ba.

Tambaya ɗaya, ɗan'uwa: an taɓa canja robar hana yoyo ta inda farfela ke shiga difarenshiyal? Notin wurin shi ke riƙe matsin boris biyu na ƙaramin haƙorin da ke juya babban faifan. Idan an ɗaure shi da ka, ko ya yi sako ko ya wuce, bayan wani lokaci kuka yake farawa, galibi idan an saki totur. Haka kuma idan an cire bushin roba na mazaunin difarenshiyal an sa masu tauri, ƙarar da robar ke shanyewa duk cikin mota za ta shigo ko da babu abin da ya lalace.

Mai Ƙofa Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ga sakamako. Canjin giya, firi da totur duk ba su taɓa ƙugin ba. Canjin kwalta da ƙarin iska ma haka. Yana ƙaruwa a juyin hagu, yana kusan ɗaukewa a juyin dama. Gefen ciki na tayoyin ya fi ci, amma sumul yake ta kowane ɓangare. Babu kibiya, an musanya su, babu abin da ya sauya. Ba a taɓa difarenshiyal ba, mansa yana cike. Sai dai akwai zoben ƙarfe na milimita 15 a bayan kowane rim na baya, wanda ke turo tayar waje.

Tsohon Bakanike:

To, boris ne, saura a tabbatar da ɓangaren. A ɗaga tayoyin bayan duka biyu a kan jakunan tsaye masu ƙarfi, a tokare na gaba, giya a firi, birkin hannu a sake. Tura takalman birki baya kaɗan don gogarsu kada ta rufe maka ji. Ka riƙe sifirin da hannu ɗaya, wani ya juya tayar da sauri. Boris mai ciwo yana aiko da gurzawa ta cikin sifirin har tafin hannu. Gwada ɗaya ɓangaren ka ji bambanci. Idan duka sun yi shiru, kada ka yi mamaki, babu nauyi a kansu. A nan sai a ɗora motar a kan injin ɗaga mota, mutum ɗaya a ciki ya kashe na'urar hana santsi ya kai ta 60, wani ya ɗora bakin doguwar sukurdireba a ƙarfen da boris ke zaune ciki, kunne a kan mariƙin, nesa da taya da shaf. Ba a yin wannan a kan jak.

Wajen canjin ne ake kashe sabon boris tun bai fara aiki ba. Idan irin wanda ke zuwa haɗe da hob ne, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa, noti huɗu ko uku ne, a kankare tsatsar mazaunin ya zauna daidai. Idan na dannawa ne da injin matsi, a kan zoben waje kaɗai ake danna shi cikin mazauninsa, sannan lokacin shigar da hob a tokare zoben ciki ta baya. Ƙarfin da ya ratsa ta ƙwallayen yana lotsa hanyarsu, lotsawar da ido ba ya gani, ƙugin ya dawo ba da jimawa ba. Guduma ba ta da aiki a nan. Da yawansu fuska ɗaya tana da maganaɗisun da na'urar ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki, ke karantawa. Wannan fuskar ita ke duban na'urar, in an juya ta fitilar ABS za ta kama, kuma cire boris ɗin yana nufin sayen wani. A mayar da zoben kulle idan akwai.

Notin shaf sabo ake sawa, a ɗaure da sifana mai awo zuwa adadin da littafin motar ya faɗa, ba da bindigar iska ba. Yawanci tsakanin 200 da 300 Nm ne, wasu motocin gudu sun haura 400. Kada a sauke nauyin motar a kan tayar notin yana sako, shi ke haɗe zoben ciki biyu.

Zoben milimita 15 ɗin nan yana matsar da nauyi daga tsakiyar boris zuwa waje, yana rage masa kwana. In ba dole ba, a cire shi. Ba sai an canja boris ɗin ɗaya ɓangaren ba idan ya yi shiru a gwajin sifirin.

Mai Awon Taya:

Na sallama, Maigida, boris ne. Amma idan an kwance hannuwan da ke riƙe da mazaunin don a kai shi injin matsi, saitin baya ya tafi. A sa alama a kan notocin saiti kafin a kwance, a ɗaure notocin bushin ƙarshe motar tana zaune a kan tayoyinta, sannan a kai ta awon saiti na tayoyi huɗu. Cin gefen cikin da ka gani ma ya isa dalilin a auna yadda bakin tayoyin bayan ke duban juna.