Mabiya na nan, amma shafi ya yi tsit: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai Jakunkuna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son in ji daga bakin waɗanda abin nan ya taɓa samu da kansu. Jakunkunan mata nake sayarwa, kuma kusan duk cinikina ta waya yake zuwa. A da in na ɗora hoton sabon kaya da safe, kafin rana ta take saƙonni sun cika min waya: wannan nawa, akwai baƙa, a ajiye min ɗaya. Yanzu hoto sai ya wuni ya kwana, in na duba adadin waɗanda suka gan shi sai in tarar 'yan tsiraru ne. Mabiyan kuma ba raguwa suka yi ba, ƙaruwa ma suke yi. Abin da ya fi ɗaure min kai, wata tsohuwar kwastoma ce ta kira ni tana tambaya ko na bar sana'ar, wai ta daɗe ba ta ga kayana ba, alhali kullum sai na ɗora. Ba a rufe min shafi ba, ba a aiko min da gargaɗi ba. Ku da kuka ga irin wannan, yaya kuka yi?

Mai Gyaran Waya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Fara tabbatarwa ba takunkumi aka sa miki ba. Ba ki faɗi manhajar ba, amma in Instagram ce, a cikin saituna akwai wurin da ke nuna matsayin asusu. Zai gaya miki ko an cire wani abu da kika ɗora, da kuma ko an daina nuna kayanki ga waɗanda ba sa bin ki. Mutane da yawa suna kawo min waya a fusace, wai maƙiya ne suka kai ƙararsu, in muka buɗe sai mu ga komai kore shar. Nawa shafin ma ya taɓa yin sanyi haka, na duba ban ga laifin komai ba.

Ɗan Talla:
Aikina ke nan, riƙe wa kamfanoni da ƙananan 'yan kasuwa shafukansu, kuma ban taɓa riƙe shafin da bai shiga wannan yanayi ba. Abin da masu kaya ba sa son ji shi ne, don mutum ya danna ya bi ka, ba wanda ya yi maka alkawarin za a nuna masa kayanka. Da can kusan haka ne, Instagram yana jera hotuna bisa lokacin da aka ɗora su, na baya-bayan nan a sama. A 2016 aka sauya, manhaja ta koma zaɓar wa kowa abin da take ganin zai tsaya ya kalla. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg da kansa ya sanar cewa Facebook zai fifita abin da dangi da abokai suka wallafa, mutane kuma za su rage ganin na shafukan kasuwanci da na kafofin labarai. A fili aka faɗa, ba a ɓoye ba. Sai TikTok ya zo da nasa salo na cika maka waya da bidiyon mutanen da ba ka taɓa bi ba, sauran suka bi sahu, Reels, wato gajerun bidiyon Instagram, ya fito a 2020. To gurbin da hoton jakarki yake shiga a da, yanzu yana gasa da bidiyon baƙi da tallan da aka biya wa kuɗi.

A yadda na lura, in ka ɗora abu ana fara gwada shi a kan mutane kaɗan. In sun tsaya, sun kalla, sun tura wa wani, sai a ƙara buɗe masa hanya. In sun wuce shi da yatsa, shi ke nan ya kwanta. Nan ne yawan mabiya yake iya zame wa mutum kaya. Na karɓi shafin wani mai takalma da ya tara dubban mabiya ta hanyar rabon kyauta, irin na "bi mu, ka kira abokai uku". Waɗanda suka zo don kyauta ba takalmi ne ya kawo su ba, don haka duk abin da muka ɗora sai ya faɗa hannun mutanen da ba ruwansu da shi, ya mutu tun a gwajin farko. Wani ƙaramin shafi da nake riƙewa a lokacin, wanda bai kai rabin wancan ba, ya fi shi kawo oda nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Man Shafawa:
Ɗan Talla, a nan kam ban bi ka duka ba. Ni rabon kyauta ya yi min rana, sai dai ban taɓa cewa a bi ni ba. Sharaɗina shi ne wadda ta taɓa sayen kayana ta turo min hoton kwalbar da ta ƙare ta WhatsApp, sai in sa ta cikin ƙuri'a. Ka ga wadda za ta shiga mai saye ce tun asali, lambarta kuma ta shigo hannuna, ga hotunan kwalabe da aka sauke har ƙasa, waɗanda suka fi duk wani yabo da zan yi wa kayana. Ina neman izini kafin in ɗora hoton kowa.

Ɗan Talla:
Ranki ya daɗe, wannan ai ba irin wanda nake kuka da shi ba ne. Naki tantance kwastomomi ne.

Baban Ɗinki:
Duk wanda na kai wa wannan kuka sai ya ce min yi bidiyo. Da shekaruna da furfurata, ni ba zan tsaya gaban waya ina nuna sama da yatsa ana kiɗa ba. Wata da watanni na ƙi. Yaron shagona ne ya jingina wayar da gwangwanin allurai ranar da nake yanka wani yadi mai tsada, bai ɗauki fuskata ba, hannuna kawai da alli da almakashi, ana jin ƙarar yankan ƙyat-ƙyat har ƙarshen layi. Ba kiɗa, ba magana. Wannan ɗan bidiyon ya kai inda hotunan kayan da na gama ɗinkawa, na goge, na rataye, ba su taɓa kaiwa ba. Har yau ban gane abin da mutane suke gani a yankan yadi ba, amma tunda suna so, muna yankawa a gabansu. Gaskiyar da zan ƙara ita ce, yawancin masu kallon suna nesa, ba za su taɓa kawo min ɗinki ba. Cikinsu dai ana samun na kusa jefi-jefi, kuma wanda ya zo ta wannan hanya ba ya yawan ja-in-ja a kan kuɗin aiki, ya riga ya ga hannun.

Ɗan Talla:
Baba, abin da ya faru da kai ya yi daidai da abin da shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya sha faɗa: manyan abubuwan da suke dubawa su ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, da masu nuna sun so abin, da masu tura shi ga wani. Mutum ba ya iya ɗauke ido daga almakashi sai ya ga ya kai ƙarshe.

Uwar Biyu:
Ni kuɗi na sa, bari in ba da nawa labarin. Kayan yara nake sayarwa. Da shafi ya yi sanyi na biya aka tura tallata, na zaɓi a riƙa turo min saƙo. Saƙo kam ya zo kamar ruwan sama, sai dai kusan duk kalma ɗaya ce: nawa? In na faɗa, shiru. Wasu ma ba su san sun taɓa komai ba, sai su ce min wace ce. Na wuni ina amsa mutanen da ba saye za su yi ba, masu saye na gaske suna jira a ƙasa. Da na sake yin wata tallar sai na rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin hoton, na rubuta shekarun yaran da kayan zai yi wa, na taƙaita yankin zuwa inda zan iya aika kaya cikin sauƙi. Saƙonni suka ragu sosai, har na fara tsorata, amma wadda ta yi magana ta riga ta ga kuɗin ta amince, tambayarta ita ce yaya za a kawo. Wani abu kuma, na daina taɓa talla in ta fara tafiya. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, da kansu sun rubuta cewa tsarin yana buƙatar sakamako wajen 50 a cikin mako kafin ya gama gane irin mutanen da zai nema, kuma duk babban gyara yana mayar da shi farko. Mai ƙaramin jari ba lallai ya kai wannan adadi ba, amma ko ba komai na gane cewa sauya hoto yau, sauya rubutu gobe, ɓarnar kuɗi ce.

Mai Littafi:
Ni tun kafin wannan zamani ina da littafi mai bangon kwali da nake rubuta duk wanda ya sayi kaya: suna, lamba, abin da ya saya, da watan da ya saya. 'Ya'yana suna yi min dariya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida, ni littafina na buɗe na ci gaba da kiran masu oda. Ku tuna kuma Indiya ta haramta TikTok a 2020, waɗanda suka gina kasuwarsu a TikTok kaɗai suka wayi gari ba su da hanyar isa ga mutanensu. Shawarata ga Hajiya Mai Jakunkuna, duk wadda ta saya ki roƙe ta ta ajiye lambarki. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp yana ɗaukar lamba 256 a kowane jeri, amma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai same shi ba. Status ma sai kun ajiye lambar juna.

Mai Gyaran Waya:
Malam, littafi na da kyau, amma a faɗi ɗaya gefen. WhatsApp ɗin ma na Meta ne tun 2014, ba gidanka ka koma ba. Sannan Status tsofaffin kwastomomi kawai yake riƙe maka, ba ya kawo sabuwar fuska. Kuma don Allah a daina jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba. Ni duk wanda ya yi min haka fita nake yi, in ya maimaita in toshe shi, kuma in masu toshewa da kai ƙara suka yi yawa lambar ce za a rufe.

Mai Littafi:
Shi ya sa nawa a takarda yake. In wannan ta rufe, lambobin suna nan, in kira ko in tura tes.

'Yar Kasuwa:
Ni fa ina ganin muna ɗora wa manhaja laifin da ba nata kaɗai ba. Lokacin da nawa ya yi sanyi na zauna na kalli shafina kamar baƙuwa, sai na ga hotunan da dila ya turo min su nake ɗorawa, su ne kuma a shafin mutum goma masu sayar da irin kayana. Mai kallo ya ga hoton nan sau biyar kafin ya iso kaina, me zai tsayar da shi? Ban da haka akwai lokacin da mutane ba su da kuɗi kawai, ko an nuna musu ba za su saya ba. Ki duba, Hajiya Mai Jakunkuna: masu gani ne suka ragu, ko masu saye daga cikin masu gani? Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mai Jakunkuna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba matsayin asusun, ba wata matsala. Masu gani ne suka ragu, don waɗanda suka gani suna tambaya kamar da. Maganar 'Yar Kasuwa ta taɓa ni, hotunan dila nake ɗorawa. Na gwada irin na Baba: na ɗora jaka a kan tebur kusa da taga, na zuge zif, na sa waya da makullai da ƙaramar lema a ciki don a ga abin da take ɗauka, na juya ta a ga ɗinkin ƙasa. Ya fi hotunan tafiya, ko da yake bai kai yadda nake samu a da ba. Abin da na lura, tambayar ta sauya, yanzu ana cewa wannan da kika sa lema a ciki nake so. Na kuma fara bin tsofaffin saƙonni ina fitar da lambobin waɗanda suka taɓa saye. Tambayata ga Uwar Biyu: in sa kuɗi a kan wannan bidiyon, ko in jira in ƙara yin wasu?

Uwar Biyu:
Ki ƙara yin uku ko huɗu tukuna, 'yar'uwa, kowanne da jaka daban. Wanda kika ga an fi tura wa juna ba tare da kin biya ko sisi ba, shi za ki sa wa kuɗi. Ki rubuta farashin a jiki, kuma ranar da za ki kunna tallar ki tabbata jakar tana hannunki da yawa, kada a zo nema ki ce ta ƙare.