Wane littafin jagorar tafiya zan saya don Zanzibar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da uwargida muna shirin zuwa Zanzibar hutun mako ɗaya bayan Babbar Sallah, kuma maganar littafin jagora ta tsaya mini a wuya.

Na sayi wani na hannu a nan Kaduna, sai da na isa gida na duba na ga bugun 2012 ne. Tarihin Stone Town (tsohon birnin Zanzibar) da gonakin kanumfari yana nan daram, amma farashin otal da kuɗin jirgin ruwa daga Darussalam duk sun zama tsohon zance. Balle inshorar dole ta dala 44 da aka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, babu ita ciki.

Yanzu ina tsakanin kamfanonin littattafan jagora biyu: Bradt, mai littafi kacokan kan Zanzibar, da Lonely Planet da ya haɗa Tanzaniya gaba ɗaya. Wanne ya fi bayanin bakin ruwan da iyali za su sake ba hayaniya, da hanyar zuwa Nungwi, ƙauyen bakin teku da ke arewacin tsibirin, daga Stone Town? Uwargida ta ce waya ta wadatar, ni kuma tsoron yankewar intanet nake ji.

Wanda ya taɓa zuwa, don Allah wanne ya riƙe?