Littattafan duk sun taru a 297, ga kuma intabiyu a gabana

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Abu biyu ne suka sha mini kai, don Allah a taimaka mini.

Ilimin laburare na karanta, na gama bautar ƙasa bara. Ina zaune a gida sai wata makarantar sakandare mai haɗe da Islamiyya a unguwarmu ta kira ni in tsara musu ɗakin karatu. Wani malami ne ya rasu, iyalansa suka ba da littattafansa wakafi, aka haɗa da na makarantar, sun haura dubu biyu. Na tarar da su a kwalaye jibge har bakin taga, na ƙasa gara ta fara ci. Na kakkaɓe, na shigar da su rajista ɗaya bayan ɗaya, na buga musu hatimi. Da na zo ba su lamba da tsarin Dewey, wato tsarin da ake rarraba littattafai da lambobi bisa maudu'insu, sai na cije. Fiye da rabi na addini ne, kuma duk 297, lambar Musulunci, suke faɗawa: tafsiri, hadisi, fikihu, tarihin Manzon Allah (SAW). Kanta huɗu, lamba ɗaya. Shekaranjiya malamin fikihu ya shigo neman littafi kan rabon gado, muka yi kusan rabin awa muna ɗagawa muna ajiyewa, ya fita bai samu ba. Abin ya tsaya mini a rai, don na san littafin yana ɗakin.

Na biyu, wata kwalejin ilimi ta yi tallan ɗaukar ma'aikatan laburare, na nema, an kira ni intabiyu nan da mako uku, kuma an ce akwai gwajin katalog, wato rubuta bayanan littafi da ba shi lamba, a aikace. A makaranta a takarda muka yi komai, ban taɓa shigar da littafi ko ɗaya a Koha, manhajar kwamfuta ta laburare, ba. In bar Dewey in koma wani tsarin ne? Kuma me zan karanta a mako ukun nan?

Wata ma'aikaciyar laburaren jami'a, Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki bar Dewey, ba shi ne matsalar ba. Kin tsaya a bakin ƙofa ne ba ki shiga ba, domin 297 gida ne mai ɗakuna. Alƙur'ani da tafsirinsa suna 297.122. Tauhidi 297.2. Ibada, wato salla da azumi da hajji, 297.3. Sufanci 297.4, tarbiyya da kyawawan halaye 297.5, tarihin Annabi (SAW) 297.63. Hadisi kuma ki lura: bugun da suka gabata sun sa shi a 297.124, bugu na 23 da ya fito a 2011 ya mai da shi 297.125. Ki zaɓi ɗaya ki rubuta shi a littafin aikinki, kar gobe ki manta ki raba hadisai gida biyu. Na shari'a irin su gado da ciniki, a ƙaramin laburare irin naki ki tara su a 340.59. Da kin yi haka, malamin nan kanta ɗaya zai duba.

Ina zaton taƙaitaccen jadawalin da aka ba ku a aji kike amfani da shi, mai lamba uku-uku. Ki je laburaren jiha ko na jami'ar da ke kusa da ke, ki roƙi sashen katalog su bari ki kwafi shafukan 297 daga cikakken bugun.

Wani kuskure da nake yawan gani wurin masu zuwa sanin makamar aiki shi ne su jefa littattafan Hausa a 496 saboda an rubuta harsunan Afirka. Hausa ba ta nan. Tana cikin dangin harsunan Cadi, don haka nahawu da ƙamus 493.72, adabi kuma, har da littattafan soyayya da ɗalibanki mata za su fi ara, 893.72. Larabci 492.7 da 892.7. Tarihin Nijeriya 966.9.

Wani ɗan'uwa daga Sakkwato:

Ni dai Anti ban cika yarda ba. Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa a 1876 don laburarorin Amurka, shi ya sa Kiristanci ya kwashe daga 220 har 280, Musulunci gaba ɗaya aka ba shi lamba guda. In littattafan suka ƙaru, lambobin za su yi tsawon da ba za su shiga 'yar takardar da ake mannawa a gadon bayan littafi ba. Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, LC, ya fi sakewa: BP na Musulunci, KBP na shari'a, Hausa kuma daga PL8231 zuwa PL8234. Kuma shi yawancin jami'o'inmu suke bi. In aikin babbar makaranta take nema, gara hannunta ya saba da shi.

Ma'aikaciyar Zariya:

Maganarka gaskiya ce a kan tarihin, Malam. A Indunusiya ma saboda wannan ƙuncin suka faɗaɗa 297 da kansu, suke rubuta 2X0 zuwa 2X9. Amma ka tuna waɗanda za su shiga ɗakin nan 'yan aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare. Yaro zai riƙe cewa 500 kimiyya ce, 900 tarihi. LC kuma jadawalinsa kundi-kundi ne masu yawa. Ta bar makarantar a kan Dewey, ta koyi LC don intabiyu.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin laburare, Kano:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu don malami ya fita bai samu littafi ba. Wanda bai damu da wannan ba bai dace da aikinmu ba.

Ni katin katalog na tarar, ɗan inci uku da biyar, muna bugawa da keken rubutu, kowane littafi kati uku ko huɗu. Abin da nake so ki gane shi ne, kwalayen nan da kike ganin wahala ce, su ne makarantar da za ta kai ki ga aiki. Littafin da aka buga a Landan ko Amurka, yaro ya buɗe kwamfuta ya kwafo bayaninsa an gama. To littafin da aka buga a Kano, aka saya a kasuwar Kurmi, babu shekara, babu sunan maɗaba'a, babu lambar ISBN ta shaidar littafi, wa zai kwafo masa? Ko bugun Beirut da Alƙahira da shekarar Hijira kaɗai ke jiki? Ko ɗan littafin waƙoƙin ajami da aka ɗinke da zare? Dole mutum ya zauna ya buɗe, ya karanta gabatarwa, ya gane me ake magana a kai. A shekarun da na yi ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, masu takarda suna da yawa, amma mai iya karanta Larabci da ajami kuma ya san katalog, da ƙyar muke samun ɗaya.

Sai ki kula da sunaye, nan ne ake zubewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kaɗai za ki gan shi a rubuce ta hanya huɗu ko biyar: Usman bin Fodiyo, Uthman ibn Fudi, Dan Fodio. In kika shigar da kowanne yadda kika gan shi, kin warwatsa littattafan mutum ɗaya. Ki ware littafi ki rubuta sigar da kika tsayar ga kowane marubuci, sauran ki yi musu nuni zuwa gare ta. Haka marubutanmu da sunansu ke ƙarewa da sunan gari ko unguwa: ki tsayar da doka ɗaya, ki bi ta har ƙarshe.

Kwalayen da gara ta taɓa kuwa, ki fitar da su daga ɗakin yau, kada su kwana kusa da masu lafiya. Kanta kuma ta ɗan rabu da bango da ƙasa.

Wani matashi mai aiki da Koha, Kaduna:

Yaya, Koha kyauta ce, daga New Zealand ta fito, kuma akwai shafukan gwaji a intanet da za ki shiga ki yi ta shigar da littattafai ba tare da kin ɓata wa kowa aiki ba. Ki haddace gurabun MARC, wato tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, da kullum ake tambaya: 020 na ISBN, 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 maɗaba'a da shekara, 300 yawan shafi, 650 maudu'i, 082 lambar Dewey, 050 lambar LC. A intabiyu za su iya tambayar ki bambancin AACR2 da RDA, wato tsohuwar ƙa'idar katalog da sabuwa. Ki nuna musu a aikace: RDA ta daina yawan gajarce kalmomi, kuma 264 ta maye gurbin 260 da ake sa maɗaba'a da shekara a da. Kullum ki yi littafi goma daga na makarantarku, kafin ranar kin yi kusan ɗari biyu. Ki riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, amma ki gwada nema da k da d da b ki ga ko sakamakon zai fito, don yawancin ɗalibai haka za su rubuta.

Ma'aikaciyar Zariya:

Na manta batun takardu. In ba ki yi rajista da hukumar LRCN ba, wadda dokar 1995 ta kafa don yi wa ma'aikatan laburare rajista, ki fara yanzu, tallan aiki da yawa suna neman ta. Ki shiga NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Nijeriya, reshen jiharku, a nan ake fara jin labarin gurabe, kuma sashenta na katalog yana shirya taron bita. Ki sani kuma a jami'a ma'aikacin laburare mai digiri a sahun malamai yake, ƙarin girma sai da digiri na biyu da rubuce-rubuce. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar ɗaukar aiki, ki rufe wayarki.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na fitar da kwalaye uku tsakar gida tun ɗazu. Anti, gobe in sha Allahu zan je laburaren jiha neman cikakken jadawalin. Littafin gadon ma na gan shi da yamman nan a cikin na tafsiri, na sa masa 340.59, na aika yaro ya kai wa Malam. Akwai wasu guda tara na ajami da babu sunan marubuci ko kaɗan. Zan ɗauki hoton shafin farko na kowanne in turo nan da dare, a duba mini ta inda zan shigar da su.